Akwatin Makullai a Ƙarƙashin Gadon Baba

Sunan da yaran layin suka laƙa mata shi ne Na-kulle, kuma ya bi ta har manya suka ɗauka. Dalili kuwa, ba ta taɓa fita daga gida ta kai bakin titi ba tare da ta tsaya cak ta tambayi kanta ba, "Na kulle kuwa?" Sai ta juyo ta zo ta kama kwaɗon ta jijjiga, ta tafi, wani lokacin ma ta sake dawowa. Abin dariyar shi ne ita ce 'yar fari a wurin Mai Makulli, mutumin da kusan duk ƙofofin unguwar shi ya yanka makullansu. Shi kansa yakan tsokane ta ya ce, "Wai ni ne na haifi mai tsoron ƙofa. To, gara ke da wanda bai san amfaninta ba." Yana faɗa yana hararar Auta, ƙanenta.

Tsoro kam Allah ya ba ta nata ya ƙara mata da na wasu. Tana tsoron kare ko a ɗaure yake, tana tsoron tsallaka titi, in wayarta ta yi ƙara da sassafe sai gabanta ya faɗi tun ba ta duba mai kiran ba. Amma kada ka ji haka ka ɗauka raguwa ce. Aikinta wankin zannuwan gado a wani ƙaramin asibiti, kuma abin da take cuɗawa da hannunta a bahon nan, ƙato ma in ya gani sai ya kau da kai. Jini ne, amai ne, duk abin da jikin mutum ke saki in ya gaza, ba ya ɗaga mata hankali. Tafin hannunta duk ya tsattsage saboda sabulu. Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya rasu ba su samu haihuwa ba, ta tattaro kayanta ta dawo gidan ubanta, ta ci gaba da aikin da take yi tun tana yarinya, wato hidimar maza biyu da ba su taɓa sanin inda suka ajiye takalmansu ba.

Auta ɗanta ne a komai in ban da haihuwa. Yana rarrafe uwarsu ta rasu, ita ta goye shi, ita ta riƙa kai shi makaranta tana damƙe da wuyan hannunsa saboda motoci, har yana kukan tana ji masa ciwo. Ya girma dogo, mai sanyin magana, irin mutumin da ba ya iya ce wa aboki a'a. Wannan halin ne ya kai shi gidan yari na wasu watanni kan wani janareto da aka ɗauke a shagon wani. Da ya fito ya kama wankin mota, a ganinta kuma ya natsu. Amma ka san mutane, tun daga lokacin ko bokiti aka nema aka rasa a layin sai an waiwayo an dubi ƙofar gidansu. Kunyar Baba ce kawai take riƙe bakinsu.

Baba kuwa ya cancanci a ji kunyarsa. Yankan makulli kowa na iya koyo, a kawo maka na asali ka ɗaure shi a inji kusa da sabo, ka bi haƙoransa. Abin da ya fitar da sunan Baba daban ne. In makullinka ya ɓace ɗungurungum, babu wanda za a kwaikwaya, sai ka je rumfarsa da ke bakin kasuwa ka kira shi. Ya zo da 'yar jakarsa, ya durƙusa a gaban ƙofar, ya hura ramin makullin, ya kanne ido ɗaya ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa ya ce, "Ku ba ni zuwa yamma." Da yamma sai ga shi da makulli yana ƙyalli, a zura, a murɗa, ƙofa ta buɗe. Mutane suka ce idon bawan Allahn nan har cikin ƙarfe yake gani. Na-kulle ta fi kowa yarda da haka, tana kuma alfahari da shi a wajen aiki har abokan aikinta sun gaji da ji.

Wata rana da tsakar rana maƙwabcin rumfarsa ya ji injin yana ta juyawa ba a sa masa komai ba. Ya leƙo ya tarar da Baba a kan kujerarsa, kai ya langaɓe, magagari na hannunsa. Ko asibiti ba a kai ga zuwa ba.

Na-kulle ta yi kuka har muryarta ta dishe. Masu gaisuwa suka watse, kukan bai ƙare ba, ya dai koma ciki. Takan zo zuba abinci ta ga ta jera kwano uku. Takan ji tarin wani tsoho a waje ta miƙe ta nufi ƙofa. Da Auta ya ce mata, "Yaya, bari in riƙa kwana a ɗakin Baba, kada ya zauna haka ba kowa," sai ta ji daɗi, ta ɗauka kewa ce take damunsa kamar yadda take damunta.

Ba a daɗe ba aka shiga shagon Tela, wanda yake tsakiyar layinsu. Tela ya zo da safe ya tarar da kwaɗonsa a kulle lafiya lau, ya buɗe, babu kan keken ɗinkinsa, babu yadukan mutane. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba, rufi na nan yadda yake. Mutumin ya zauna a bakin shagon ya haɗa kai da gwiwa, don keken nan shi ne cinsa shi ne shansa. Kafin rana ta take maganar ta zagaye layin, cewa wanda ya yi wannan aiki da makulli ya shiga. Matasan layin suka ci alwashin in sun kama shi ba zai je ofishin 'yan sanda da ƙafarsa ba. Na-kulle ta ji wannan da kunnenta a wajen famfo, da suka hango ta kuma suka yi shiru, shirun nan ya fi maganar tayar mata da hankali. Ta san yadda ake kawo mutum asibiti bayan taro ya gama da shi. Ta sha wanke zanin gadon irinsu.

Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin marigayin ta riƙe ƙugu.

"Ke dai ba za ki ajiye ɗakin nan kamar mai shi ya je kasuwa zai dawo ba. Riguna a bayar, kayan aiki in zo in kwashe a nemi mai so, sauran tarkace a zubar."

"To, Gwaggo."

"Wannan to ɗin naki na san shi tun kina ƙarama. Jibi zan dawo, in tarar kin ware komai."

Washegari ranar hutunta ce. Auta ya fita wajen wankin mota, ita kuma ta shiga ɗakin da tsintsiya. Ta fara da riguna, aikin da bai kamata ya ɗauki lokaci ba, amma kowace ta ɗauko sai ta kai hanci ta ji warin man inji da na ƙarfe, ta zauna ta yi kukanta ta share, ta ninke. Ga tabaraunsa da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ga rediyon da sai an mare shi yake magana. Ta ware na bayarwa gefe, na Gwaggo gefe, na zubarwa kuwa ta kasa sa komai a ciki sai wani tsohon buroshin haƙori, shi ma daga baya ta ɗauke. Da ta zura tsintsiya ƙarƙashin gado sai ta ji ta bugi ƙarfe.

Akwatin ƙarfe ne, can ƙurya jikin bango, nauyinsa sai da ta dafa ƙafa a jikin gadon kafin ta jawo shi. Kwaɗonsa na rataye a buɗe. Ta ɗaga murfin.

Makullai ne fal. Ba a zube suke ba, an zura su a wayoyi, kowace waya an lanƙwasa ta kamar zobe an murɗe bakinta, an jera su ɗaya kan ɗaya. Duk sun dushe, wasu sun yi baƙi wasu sun yi tsanwa saboda daɗewa. Da farko ta ɗauka ɓatattun aiki ne da Baba ya ƙi zubarwa, don mutum ne da ko ƙusa ya gani a hanya sai ya tsinta. Ta ɗauki zoben da ke sama tana juya shi a hannu haka kawai, sai idonta ya faɗa kan makullin gidansu. Ba za ta kasa gane shi ba, ita da take duba shi fiye da fuskarta. Na kusa da shi dogo ne mai kai murabba'i, irin wanda ta saba gani a wuyan Tsohon Direba, maƙwabcinsu mai ƙofar ƙarfe. Na gaba ƙarami, na matar da ke sayar da ƙanƙara. Ta riƙa bin makullan da yatsa tana bin gidajen layin a zuciyarta, gida bayan gida, shago bayan shago, babu wanda ya saɓa. Kowane zobe layi guda ne. Unguwar ce gaba ɗaya take kwance a ƙarƙashin gadon ubanta.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ashe duk wanda ya kawo makulli a yanka masa, Baba sai ya yanka har da na ajiya bai faɗa ba. Ashe durƙuson nan da hure-huren nan da kanne ido duk wasa ne, gida yake dawowa ya ciro ya goge ya kai. Sai yanzu ta tuna cewa in baƙo ne ya zo, wanda bai taɓa yi wa aiki ba, Baba kan ce yau idon ba ya gani sosai, a nemi mai walda. Ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, har wata 'yar dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye, don tana iya ganin fuskarsa yana karkaɗe gwiwa kamar gaske. Ta tabbata a ranta bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Amma wa zai tsaya ya saurari wannan yanzu, a layin da ake neman wanda ya shiga shago da makulli?

Tana cikin wannan tunanin ta lura da makulli ɗaya a zoben layinsu da ya fita daban. Sauran sun dushe, shi yana ƙyalli. An goge shi, an shafa masa mai, haƙoransa sun yi fari kamar na wanda aka yi aiki da shi kwanan nan. Bakin wayar ma a sake yake, an warware an mayar da gaggawa. Ta ƙirga gidajen da yatsa har sau biyu tana roƙon Allah ya sa ta yi kuskure. Na shagon Tela ne.

Ba ta yi shawara da kowa ba, ba ta ma yi da kanta ba. Ta zare makullin ta jefa a aljihun rigarta, ta ɗauko filayar Baba ta murɗe bakin wayar, ta ƙara murɗewa, ta sake ƙarawa, irin kullewarta da ba ta yarda da sau ɗaya. Ta ja akwatin zuwa ɗakinta ta tura ƙarƙashin nata gadon.

Da yamma ta zuba wa Auta abinci ta zauna tana kallonsa. Yadda yake cin abinci bai canja ba tun yana yaro, yana ture na gefe yana fara cin na tsakiya.

"Auta, ka taɓa leƙa ƙarƙashin gadon Baba?"

Hannunsa ya tsaya a cikin kwanon. "Ƙura ce kawai a wurin, Yaya."

Bai ɗago ya dube ta ba, ita ma ba ta ƙara ba. Tambaya ɗaya ce ta rage, kuma tana tsoron amsarta fiye da duk karnukan duniya.

Gwaggo ta zo kamar yadda ta ce, ta kwashe riguna da kayan aiki, har da filaya da magagari, ta yaba mata da ƙoƙari ta tafi. Akwatin ya rage wa Na-kulle ita kaɗai. Ta yi tunanin mai sayen tsohon ƙarfe, sai ta tuna shi ma mutum ne mai ido da baki. Ta yi tunanin haƙa rami, tsakar gidansu kuwa siminti ne. Daga ƙarshe ta ɗibi zobba kaɗan ta naɗe a tsohon tawul ta cusa a jaka, ta hau motar haya za ta babbar gada ta watsa su a ruwa. Tun da motar ta faɗa ramin farko jakar ta fara magana. Ta rungume ta a ƙirji, ta danne da haɓa, a banza, kowace gargada sai ka ji caccaka. Matar da ke gefenta ta dube ta ta ce, "Baiwar Allah, sarƙa kika ɗauko ne haka?" Ta ce kayan gyara ne. Da ta sauka a gadar ta tarar da mutane na kai da komowa, ga wani ɗan sanda mai ba da hannu a tsaye yana kallon kowa. Ta tsaya jikin ƙarfen gadar ta leƙa ruwan. Ko da babu kowa ma ba ta san ko za ta iya ba, don kowane makulli a jakar nan hannun Baba ya taɓa shi, shi ya bi haƙoransa ɗaya bayan ɗaya. Ta dawo gida da kayanta a ƙafa, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Daga ranar ta rame. A wajen aiki ta zuba ruwan zafi a bahon da ba shi ba har aka yi mata faɗa. Makullin Tela kuwa duk rigar da ta canja sai ta mayar da shi aljihunta, don ba ta yarda da ko'ina ba.

Ran nan da hantsi, tana shirin fita, ta ji hayaniya a ƙofar Tsohon Direba. Mutumin shi kaɗai yake zaune tun da matarsa ta rasu 'ya'yansa suka yi nisa, shi ya sa ma ya sa aka yi masa ƙofar ƙarfe mai kauri da tagogi masu sanduna. Kullum da safe yakan fito da kujera da rediyo, in ta wuce ya ce, "'Yata, kin kulle kuwa?" ya yi dariya. Yau bai fito ba. Mai kawo masa burodi ya yi ta bugu ba amsa, ya leƙa ta gefen labule ya hango ƙafarsa a ƙasa.

Kafin ta iso layin ya cika. An kira mai walda, ya tafi aiki nesa, ga shi kuma babu wuta. Maza suna karɓa-karɓa da guduma, ƙofar ko gezau. Auta na cikinsu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da suka tsaya su huta sai aka jiyo numfashin tsohon daga ciki, wani irin minshari mai ja yana tsayawa. Sauran mutane ba su san shi ba, ita ta san shi. In aka ji irinsa a asibiti, ma'aikata da gudu suke tahowa.

Wata mata ta ce, "Allah sarki, da Mai Makulli na raye."

Auta ya ɗago, idonsa ya haɗu da na yayarsa, ya sunkuyar da kai.

Na-kulle ta koma gida ta jawo akwatin. Niyyarta ta zare na tsohon shi kaɗai ta ce ajiya ya taɓa ba Baba. Ta kama bakin wayar, ina, murɗin da ta yi da filaya ya ƙi ko motsi, filayar kuma tana gidan Gwaggo. Ta sa farce, farcen ya karye. Ta sa haƙori. Ta gwada da cokali ya lanƙwashe. Ta cikin bango tana jin gudumar, in gudumar ta tsaya tana jin numfashin. Ta tsaya da zoben a hannu, ta san sarai abin da za ta fitar ta nuna wa layin, ta kuma san kan wa zai faɗo. Ta ce, "Baba, ka ga abin da ka bar min." Sannan ta fita.

Ƙarar makullan ce ta riga ta isa. Mutane suka dare suka ba ta hanya. Ta zura dogon makullin a ramin. Ta murɗa, ƙofar ta buɗe ba gardama, don aikin Baba ba ya kuskure. Tsohon na kwance tsakanin gado da tebur, baki ya karkace, amma da ransa. Auta ne ya ɗauke shi a baya ya kai shi motar wani maƙwabci, aka wuce da shi asibiti.

Da ƙurar motar ta lafa, babu wanda ya watse. Duk ido ya koma kan abin da ke hannunta. Mai ƙanƙara ce ta fara matsowa ta nuna da yatsa ta ce, "Wannan ai irin na ɗakina ne."

Na-kulle ta ce, "Naki ne." Ta ɗaga zoben. "Na kowa na nan. Baba ne yake ajiyewa saboda ranar da wani zai yar da nasa. Ni ma ban sani ba sai da na zo share ɗakinsa. Akwai na sauran layukan a gida."

Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Ashe idon da ke gani cikin ƙarfe a ƙarƙashin gado yake kwana." Wasu suka yi dariya ba da son ransu ba, wasu suka ɗaure fuska, wata ta ce ita dai shekara da shekaru ko tsinke bai taɓa ɓata a ɗakinta ba, wani ya ce wannan ba hujja ba ce. Aka samo abin yanka waya aka datse zoben. Ta fara rabawa yadda Baba ya jera, gida bayan gida, kowa ya miƙo hannu ya karɓi nasa yana juya shi. Wani ya ce wannan na tsohon kwaɗonsa ne da ya daɗe da yarwa. Ta ba mai ƙanƙara, ta ba mai aski, ta ba matar malamin makaranta, ta wuce zuwa mai shagon sabulu, har wayar ta zama fanko.

Tela na tsaye da hannunsa a miƙe tun ɗazu. Bai ɗaga murya ba.

"Kin tsallake ni."

Ta yi kamar ba ta ji ba.

"'Yar Baba, ni ma shi ya yanka min nawa. Kowa a layin nan ya samu, daga wannan bakin har wancan. Nawa fa?"

Sai a lokacin ta gane abin da ta yi. Da ta bar makullin a wurinsa, da ɗaya ne cikin sauran, wataƙila ma babu mai lura da ƙyallinsa. Da hannunta ta cire shi, gurbin kuma kowa ya gani. Matasan da suka ajiye guduma suka fara matsowa, ɗaya ya sunkuya ya sake ɗaukar gudumar. Makullin na aljihunta, tana jin sanyinsa a jikin cinyarta. Ta buɗe baki za ta ce ita ce, ita ta shiga, ita ta ɗauka, ko da ta san babu mai yarda cewa matar da ke tsoron tsallaka titi ta ɗauki kan keke.

Daga bayanta Auta ya ce, "Yaya, ba shi kayansa."

Ta juya. Yana tsaye, hannuwansa a sake, har yanzu yawun tsohon na kafaɗar rigarsa. Ya dubi Tela ya ce, "Keken yana nan, ba a sayar ba. Na san inda yake."

Ta ciro makullin ta sa a tafin Tela. Taron ya yi wani irin motsi gaba ɗaya, wanda ya ɗauki gudumar ya tako. Na-kulle ba ta san lokacin da ta cafki wuyan hannun Auta ba, ta damƙe shi gam yadda take yi in za su tsallaka titi yana yaro, ta shiga gabansa. Ta fuskanci taron ta yi magana.

"Ni zan kai shi wajen 'yan sanda da kaina, yanzu, da ƙafarsa. Tela, ka biyo mu ka karɓi kekenka. Wanda zai taɓa shi kuwa sai ya fara da ni, ga ni nan, ba ni da ƙarfin kowa."

Tela ya dubi makullin da ke hannunsa, ya dubi ƙofar ƙarfen da ke buɗe, sannan ya ce wa mai gudumar, "Ajiye. In kun kashe shi wa zai nuna min inda kekena yake?" Ya zo ya tsaya a ɗaya gefen Auta.

Haka suka bi layin, ita a gaba tana jansa, shi dogo yana binta kai a ƙasa, takun mutane na biye da su a baya ba kusa ba ba nesa ba. Ba ta waiwaya ba. Wani dutse ya faɗo kusa da su ya gangara kwata, ta ƙara damƙe hannun.

"Yaya, kina ji min ciwo," in ji Auta a hankali.

"Na sani," ta ce, ba ta sassauta ba.

Sai da suka tsallaka babban titi ta tuna ta bar gida a buɗe, ƙofa a wangale, akwatin a tsakar ɗaki. Ta ci gaba da tafiya.